Ruwan Kalwa

Takardar da aka ba Rahamatu ta raba a unguwar ba ta da tsawo. Shafi ɗaya ce, da boko a sama, da ajami a ƙasa saboda tsofaffi. Ta ce daga ƙarshen wata, sabon lambatun da ƙaramar hukuma ta gina a cikin garin Bodinga na ruwan sama ne, da ruwan wanka, da na wanke-wanke. Ban da baƙin man masu gyaran babur. Ban da jinin yanka, ban da ruwan rini, ban da na masai. Layi na ƙarshe ya ce ban da ruwan wankin kalwa, da duk wani ruwa mai yashi ko toka ko ɓawo. Mai irin wannan sana'a ya haƙa rami a cikin gidansa, ya cika da duwatsu, ruwan ya riƙa tsiyayewa ƙasa. Wanda ba shi da fili ya kai tsohon kududdufin bayan gari. Gidan da ya ƙi kuwa, za a toshe masa rariya da siminti, a shafa jan fenti a bangonsa, a ba mai gidan sammaci.

Rahamatu malamar duba-gari ce, wata bakwai da kama aiki. An ɗauke ta ne saboda gidajen da maza ba sa shiga. Gida sittin da biyu aka ba ta a unguwar, ta shiga sittin da ɗaya. Wanda ba ta shiga ba na mahaifiyarta ne.

Ba faɗa aka yi ba. Rahamatu ce 'yar fari, kuma kun san yadda uwa take da ɗan fari a gidajenmu. Tun da aka yaye ta aka kai ta Shagari wurin yayar mahaifinta, Goggo Daso. Can ta tashi, can ta yi makaranta, daga can aka kai ta ɗakin miji. Mahaifiyar, wadda duk gari ke kira Nana Hauwa mai daddawa, ba ta kiran sunanta, ba ta kallon fuskarta, ba ta yi mata magana kai tsaye. Idan Rahamatu ta je gaisuwa ta durƙusa a bakin ɗaki, sai Nana Hauwa ta juya wajen murhu ta ce, "Mutanen Shagari sun kwana lahiya?" Ita kuma ta amsa tana kallon ƙasa. Shekara talatin haka suke, babu wanda yake ganin wani abu ne. Ko da aiki ya kawo ta Bodinga, ita da mijinta suka kama haya a wata unguwar, gaisuwar ba ta canza ba.

Ranar rabon takarda ta tsaya a ƙofar zauren da farar rigar aiki a kan hijabinta. Tana jin ƙarar taɓarya daga ciki. A sauran gidajen takan zauna a tabarma ta karanta takardar daga sama har ƙasa, ta tambayi matar gidan ko ta gane, sannan ta zaga ta nuna mata inda ya kamata a haƙa ramin. Ta gwada a zuciyarta yadda za ta ce wa mahaifiyarta, kin gane? Ta ninke takardar ta sa a jaka. Ta ce ai maƙwabta za su gaya mata, labari a unguwar nan ba ya kwana. A littafin aiki kuma ta ja alama a gaban gidan kamar yadda ta ja wa sauran.

Sati uku bayan nan, ranar wata Litinin, shugaban sashensu, Malam Ashiru, ya ce ta zo su zaga. Ƙarshen bazara ne, gabas ta fara haɗa gajimare da la'asar yana watsewa. Lokacin kalwa ne kuma, an sauke ɗorawa a ƙauyuka, buhuna suna ta shigowa daga Mandera da Horo Birni.

Suka bi lambatun daga bakin kasuwa. Da farko fes yake, har ana ganin simintin ƙasansa. Da suka shiga layin masu daddawa sai suka tarar ya cika rabi da wani baƙin taɓo mai wari. Malam Ashiru ya sami sanda ya caka. Da ya zaro ta, ɓawon kalwa da yashi sun manne mata har tsawon kamu guda.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai ruwa ne kawai. Kalwa sai an dafa ta kwana guda, a juye a turmi da yashi da toka a yi ta sussuka har ɓawon ya saki, sannan a wanke, ruwa bayan ruwa. Ruwan yakan wuce. Yashin da ɓawon ne ba sa zuwa ko'ina, sai su kwanta su daskare kamar daɓe.

Arzika tela ya fito daga shagonsa da zaren awo a wuya. Shagon yana can ƙasan layin, daidai inda lambatun ya yi kwana. Daminar bara, kafin a yi wannan ginin, tsohuwar kwatar ta toshe, ruwa ya kwana a gindin bangonsa har bangon ya faɗi.

"Mallam, na gaji da hwaɗi," in ji shi. "Bara bisa inda ɗiyata ka kwanciya da rana bangon ya hwaɗi. Allah ya sa tana gidan kakanninta. Bana ruwan hwarko in ya sauka, ina za shi bi? Shagona za shi bi."

Malam Ashiru ya ba shi haƙuri. Ya juya wajen wata dattijuwa da ke zaune a ƙofar gidanta da faifan daddawa a gaba, baƙin ruwa yana fita ta rariyar da ke bayanta.

"Inna Ramla, ba a karanta maki takarda ba?"

"An karanta mani. Ga wadda tak karanta nan tsaye."

"To mi ya hana?"

"Ni dai rariyar Nana Hauwa nika dibi. Rad da tata ta tsaya, tawa ta tsaya." Ta kori ƙuda daga kan faifan. "Ita da ta haihi hukuma ba a kai mata takarda ba, sai mu da munka haihi masu tura kura?"

Malam Ashiru bai dubi Rahamatu ba, sai da suka bar layin suka tsaya a inuwar wata darbejiya.

"An kai mata?"

"Ban shiga ba, yallaɓai."

"Amma kin ja alama."

"Na ja."

Ya daɗe yana goge ƙarshen sandar a ƙasa. "Ni ma ɗan fari ne," ya ce. "Da kin gaya mini tun ranar, da na san wadda zan roƙa ta shiga. Yanzu ya wuce nan. Unguwa ta riga ta ce 'ya ce ta rufa wa uwa, in na turo wata sun tabbatar ke nan." Ya jefar da sandar. "Ran Alhamis da hantsi za mu zo da siminti da fenti. Gida biyar ne. Da nata za a fara, in ba haka ba sauran huɗun ba za su yarda ba, kuma suna da gaskiya. Ke za ki shiga ki fito da ita ta karɓi sammaci. Sai dai in mun tarar da rariyar a bushe."

Washegari da aka tashi aiki ta nemi izinin mijinta ta hau motar Shagari. Motar ta tsaya a Dandin Mahe aka sauke buhunan taki, aka daɗe ana gardama da wani mai raguna biyu, ita dai takardar nan tana cikin jakarta, duk ta yi laushi saboda ninki.

Ta tarar da Goggo Daso a bayan gida tana dama wa shanunta dusa. Ba ta jira an shimfiɗa tabarma ba, a tsaye ta faɗi komai.

"Wato hukuma ta ji ƙarar taɓarya ta gudu," in ji Goggo.

"Goggo, ba abin dariya ba ne."

"Na ga ba ki dariya ai. Kawo takardar."

Ta goge hannunta a zani, ta bi layin ajamin da yatsa a hankali, leɓɓanta suna motsi. Da ta kai wurin jan fenti sai ta tsaya. "Bisa bangon gidan Mallam Manu," ta ce. Malam Manu shi ne kakan Rahamatu na wajen uwa, ya daɗe da rasuwa. "Gidan da tun ana ginin shi ba a taɓa kai mai sammaci ba."

"Ki je ki gaya mata, Goggo. Ke tana jin maganarki."

"Tana jin maganata? Tun tana amarya nika ce mata kanwa ta yi yawa ga daddawatta, har yau ba ta rage ko ƙwaya ba." Ta ninke takardar ta miƙa mata. "Ba ni zuwa ni kaɗai. Ni ba duba-gari ba ta. In ta tambaye ni zurhin rami, mi zan ce? Tare za mu. Ke ki yi magana da ni, ni in yi magana da ita. Hakanan anka yi rad da za a kai ki makarantar kwana, hakanan anka yi ga aurenki."

Suka iso Bodinga ranar Laraba da hantsi.

Tun da mahaifin Rahamatu ya rasu Nana Hauwa ta koma gidan ubanta. Da aka raba gado, sashen baya ta samu: ɗaki ɗaya, rumfa, da tsakar gida mai ƙunci wadda taku goma ke ƙure ta. Manyan tukwane biyu suna kan murhu. Ga turmi, ga randuna, ga buhu huɗu na kalwa jere a ƙarƙashin rumfar. Wuri ɗaya ne kawai babu kaya, wata kusurwa tsakanin ɗakin da katanga, a share tas, da wani faffaɗan dutse a kwance.

Nana Hauwa tana duƙe tana wanke kalwa a gwagwa, wato tukunyar nan mai huda-huda, tana girgizawa a cikin baho. Baƙin ruwa yana malala ta gefen ƙafafunsu yana fita ta rariya.

"Amaryarmu," in ji Goggo Daso, "har yanzu kina nan kina ɓata ma mutane iskar gari?"

"Yaya Daso, in ba don waringa ba, da miyakku ta Shagari ruwa ta." Ta miƙe tana dafe da gwiwa, ta ɗingisa ta ɗauko tabarma. Rahamatu ta durƙusa a gefen rumfa. Nana Hauwa ta koma kan bahonta, ta ba ta baya. "Mutanen Shagari sun zo lahiya?"

Suka amsa tare. Aka tambayi shanu, aka tambayi zafi, aka yi ta'aziyyar wani tsoho da ya rasu a Mandera. Sannan Goggo ta karɓi takardar ta ajiye a kan tabarma, ta danne ta da ludayi.

"Takarda ta, ta hukuma. Ta yi sati uku bisa hanya."

Nana Hauwa ba ta daina girgiza gwagwar ba. "Na ji an raba ma kowa. Nic ce ko gidanga ba shi cikin gari."

Sai a lokacin Rahamatu ta gane cewa abin da ta ɗauka kunya ce, an karɓe shi a matsayin tsallakewa. Ta dubi Goggo. "Goggo, a ce laifina ne. Na zo har zaure ban shigo ba."

"An ce laihin ma'aikaciya na," in ji Goggo.

"Na ji. Kunnena ba shi toshe ba. A karanta."

Rahamatu ta juya ta fuskanci Goggo sosai, kamar ita ce matar gidan, ta karanta. Ta wuce baƙin mai, ta wuce jini da rini lafiya. Da ta zo layin kalwa muryarta ta yi ƙasa har Goggo ta ce ta ɗaga, ba wa aljanu ake karantawa ba. Ta ɗaga. Ta karanta siminti, ta karanta fenti, ta karanta sammaci. Ta ce gobe ne da hantsi.



"Yaya Daso, tambayi hukuma," in ji Nana Hauwa. "Uwata ta wanke kalwa cikin gidanga, ruwan ya bi rariyagga. Kakata hakanan. Wa yam mutu?"

"Goggo, a da bayan gidan nan fili ne, ruwan yana bin yashi ya shanye, kaji su tone ɓawon. Yanzu siminti ne, ba ya shan komai. Tarawa yake yi. Duk abin da ya fita daga nan, ƙofar Arzika tela yake zuwa ya tsaya."

Goggo ta buɗe baki za ta maimaita, sai ta ga babu bukata. Nana Hauwa ta san bangon Arzika. Ita ce ta dafa wa iyalinsa tuwo kwana uku lokacin da bangon ya faɗi.

"Kuma su Inna Ramla sun ce ba za su daina ba sai an daina a nan," in ji Rahamatu.

"Ramla ko tuwo ba ta tuƙawa sai ta ga hayaƙina." Ta tsiyaye gwagwar ta juye kalwar a masaki. "To ba ni barin kalwa. Buhu huɗu na, kuma ban iya wata sana'a ba."

"Goggo, ba a ce a bari ba. Rami kawai za a haƙa."

Wannan kam aikin Rahamatu ne, ta san shi. Ta miƙe ta auna tsakar gidan da ido, kamar yadda ta yi a gida sittin da ɗaya. Ta nuna kusurwar nan mai dutse.

"Can zai yi, Goggo. Babu kaya, kuma ƙasar ta gangara wajen. Kamu huɗu ya isa. Zan kawo masu haƙa yanzu, kafin la'asar sun gama, gobe ko an zo babu abin da za a tarar."

Hannun Nana Hauwa ya tsaya a cikin masakin.

"Ba a haƙa nan."

"Goggo, a ce babu wani wurin. Nan murhu ne, nan hanya, nan kuma gindin ɗaki ne, in aka haƙa ɗakin zai zauna."

"Yaya Daso, nic ce ba a haƙa nan."

"Dutsen ɗaga shi kawai za a yi, Goggo. Ko ni zan iya."

Rahamatu ta tuna jan fenti, ta tuna yadda unguwa za ta taru, da yadda za ta shigo nan gobe ta ce a fito. Ba ta san lokacin da ta juya daga wajen Goggo ba.

"Inna, gobe ne fa."

Ba ta taɓa yi ba. Maganar ta fita kai tsaye, ba ta bi ta kan kowa ba. Nana Hauwa ta ja gefen mayafinta ta kare fuska. Ta miƙe da kyar, ta bar kalwar a buɗe, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Goggo Daso ba ta yi faɗa ba. Kusurwar take kallo, ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo faifai ta rufe masakin don kada ƙuda su sauka, ta ce, "Tashi mu tahi."

Sai da suka kusa tasha Rahamatu ta iya magana. Idanunta sun cika, tana jin haushin kanta da na kowa. "Kusurwa ce kawai, Goggo. Ko tsintsiya ba ta ajiyewa a wurin. Za ta yarda a shafa mata fenti saboda kusurwa?"

"Ina anka haihe ki?"

"Bodinga."

"Wane ɗaki?"

Rahamatu ba ta taɓa tambaya ba.

"Haihuwar hwari gida aka zuwa," in ji Goggo. "Cikin ɗakin nan da ta shiga yanzu anka haihe ki, ni ina zaune bakin ƙohwa. Ungozoma ta wanke mabiyiya, ta haƙa rami can kusurwa ta binne, ta aza dutse don kaji. Wallahi na manta, sai yau da nig ga dutsen." Ta gyara ƙunshin goronta a ƙugu. "Rad da anka raba gado, sashen gaba anka ba ta, ɗaki biyu da hili har da rijiya. Tac ce wanga taka so. Duk munka ce ba ta da wayo."

Wani mai babur ya yi musu ham, suka matsa gefe.

"Ke kuma kin zo da rigar hukuma kin ce a zuba ruwan kalwa bisa."

"Me ya sa ba ta faɗa ba?"

"Ga wa? Gare ki?"

Suka isa inda motar Shagari ke lodi. Goggo ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai Rahamatu ta riƙe mata hannu kamar lokacin da take ƙarama.

"To yanzu yaya zan yi?"

"Ki tahi aikinki gobe. Ta ji takarda, an karanta mata kamar kowa. Abin da ya rage nata na."

Ranar Alhamis da hantsi suka shigo layin su uku: Malam Ashiru da gwangwanin fenti, wani magini da kwanon siminti a ka, Rahamatu a baya da littafi da takardun sammaci. Mutane sun riga sun fito. Arzika yana zaune a bencinsa bai buɗe keke ba. Inna Ramla tana ƙofarta, yau ko faifan ba ta fito da shi ba, kallo ta fito yi.

Suka tsaya a gindin katangar Nana Hauwa. Maginin ya sauke kwanon ya tsuguna, sai ya ɗago ya dubi Malam Ashiru.

An toshe rariyar daga ciki. Laka ce da duwatsu, an dandanna ta da hannu, shatin yatsu yana nan a jiki. Ƙasanta a bushe yake, sai tsohon baƙin tabo a kan siminti.

"Ɗanya ta," in ji maginin yana taɓawa. "Yau da sahe anka yi ta."

Amma hayaƙi yana tashi daga cikin gidan, warin kalwa kuma ya cika layin kamar kullum. Malam Ashiru ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin. "To ruwan ina yake zuwa?"

Kafin wani ya amsa aka ji takun ƙafa a zaure. Nana Hauwa ta fito da babban bokiti a kan gammo, cike da baƙin ruwa, hannu ɗaya a bakin bokitin, ɗayan yana dafa bango. Matar da mutanen layin ba sa ganinta a waje sai gaisuwar mutuwa ko suna. Jijiyoyin wuyanta duk sun tashi.

"A ba ni hanya," ta ce, ba ta dubi kowa ba.

Suka matsa. Ta wuce tsakaninsu tana ɗingishi, ta nufi hanyar bayan gari.

Inna Ramla ta yi tsaki a hankali, ta miƙe, ta leƙa cikin gidanta. "A nemo mani masu haƙa rami. Ni wuyana ba na ɗaukar kaya ba na."

Malam Ashiru ya danna murfin gwangwanin da tafin hannu. "Malama Rahamatu, aikinmu ne mu tabbatar da inda ake zubarwa. Bi ta ki gani. Mu muna nan muna jira."

Kududdufin yana bayan makarantar firamare, inda aka ɗebi ƙasar gini shekarun baya. Ga mai lafiyar ƙafa ba wata tafiya ba ce. Rahamatu ta bi ta da tazarar taku goma. Duk lokacin da gwiwar ta karkata sai ruwan ya fantsalo, ya gangara ta bayan mayafin ya bar baƙin layi. Sau biyu Nana Hauwa ta tsaya ta numfasa, sau biyu Rahamatu ta tsaya a bayanta.

A bakin kududdufin ta tsaya. Kaya irin wannan mutum ba ya sauke wa kansa, sai ya ce wa na kusa, sauke ni. Babu kowa a wurin sai awaki biyu. Nana Hauwa ta tsaya tana kallon ramin, bokitin yana rawa a kanta, ba ta ce komai ba.

Rahamatu ta ajiye littafin a kan wani dutse. Ta zo ta baya ta kama bakin bokitin da hannu biyu. Suka sauke shi tare, ruwan ya fantsalo musu a hannuwa, da ɗumi-ɗuminsa. Nana Hauwa ta karkata shi, ruwan ya tafi, yashi da ɓawo suka biyo baya da nauyi. Ta ƙwanƙwasa gindin bokitin har ya fita tas.

Rahamatu ta dubi awakin ta ce, "Ko saura bokiti nawa?"

Nana Hauwa ma awakin ta duba. "Takwas. Na tukunyar yau."

Rahamatu ta sunkuya ta ɗauki bokitin. Nana Hauwa ta miƙo hannu ta gefe, fuskarta tana wani wajen.

"Akwai gida huɗu suna jiran hukuma."

Rahamatu ta ba ta bokitin. Ta ɗauki littafinta, ta rubuta a gaban gidan cewa an toshe rariya, ana kai ruwa kududdufi, ta ga wurin da idonta. Hannunta ya bar baƙin shati a gefen shafin. Suka kama hanyar komawa, uwar a gaba da bokiti a hannu, 'yar a baya.

Da suka zo daidai katangar makarantar, Rahamatu ta ce, tana kallon ƙasa, "Ƙarfe huɗu ake tashi aiki."

Nana Hauwa ba ta juyo ba, ba ta rage tafiya ba. Sai da suka kusa shiga layin, har ana hango Malam Ashiru tsaye a ƙofar Inna Ramla, sannan ta yi magana.

"A zo da bokiti. Nawa guda na."